Seattle: Garin Yayyafi Da Fanken Da Ba Ya Jiran Kowa

 Kafin mu yi nisa, ɗan tashi ki leƙa kicin, ki buɗe ƙofar obin ɗin nan da ke ƙasan murhun gas ɗinki, wanda aka jera miki a kayan ɗaki ko maigida ya sayo lokacin da kuka tare a sabon gida. Me kika tarar? In ban yi kuskure ba, murafen tukwane ne da tsohon faranti da ledojin da ake ta tarawa ba a san ranar amfaninsu ba. Kada ki ji komai, nawa ma ya fi shekara 10 a Agege bai taɓa ganin wuta ba, har sai da zaman jego ya kai ni wani birni na Amurka mai suna Seattle. Can zan kai ki yau, daga baya mu dawo kan obin ɗin.

Birnin yana can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, a jihar Washington. Kada ki haɗa shi da birnin Washington inda fadar shugaban ƙasarsu take, tsakaninsu tafiyar sama da awa 5 ce a jirgin sama. Siyatil ake furta sunan, kuma sunan wani shugaba ne na 'yan asalin yankin, mutanen Duwamish da Suquamish, waɗanda Turawa suka tarar a wurin. Daga Legas babu jirgin da zai kai ki kai tsaye, sai kin yada zango. A lokacin sanyi awa 9 ke tsakaninmu da su, wato sa'ar da kike zama karin kumallo a can, mutanen gida sun daɗe da sallar La'asar.

In kin fito filin jirgi kika hau jirgin ƙasan da ke shiga gari, ki zauna kusa da taga. Za ki ratsa Tukwila da unguwar Rainier Valley, inda Somaliyawa da mutanen Habasha suka yi yawa. Ga shagunan naman halal, ga mata da hijabi suna tura kekunan jarirai cikin yayyafi, sai ki ji zuciyarki ta ɗan kwanta. A arewacin gari kuma akwai Masallacin Idris, wanda aka gina a 1981. Ta yamma ruwan teku ne da suke kira Puget Sound, ta gabas babban tafki, birnin na tsakani kan tuddai. Ranar da gari ya washe za ki hango Dutsen Rainier ta kudu, tsayinsa mita 4,392, kansa fari fat da ƙanƙara. Sai dai a watan Disamba, wanda na yi a can, kina iya yin mako guda ba ki gan shi ba.

Dalili shi ne ruwa. Ba irin ruwan Legas ba ne mai zuwa da fushi, ya cika magudanai, ya tsayar da motoci a Oshodi, bayan awa 2 rana ta fito. Na Seattle yayyafi ne siriri mai naci, ya kwana ya wuni. In aka tara na shekara kimanin milimita 1,000 ne kawai, Legas ta fi su nesa, amma su nasu a warwatse yake cikin kwanaki wajen 150. Ga gajartar yini: rana ba ta fitowa sai dab da ƙarfe 8 na safe, kafin 4 da rabi na yamma an yi Magariba. Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa 4 da 'yan mintoci kike yin su, kusan da alwala ɗaya. Saboda ƙarancin ranar nan ne likitoci a can ke matsa wa masu jego su riƙa ɗiga wa jariri mai shan nono sinadarin bitamin D kullum, musamman mu masu baƙar fata, da jikinmu ke buƙatar rana mai yawa kafin ya samar da shi. Mu a nan rana kyauta ce, har gudun ta muke yi.

Gari mai duhu da sanyi haka dole mutanensa su ɗauki abincin safe da muhimmanci, kuma kasuwarsu ta shaida hakan. Ki sa a kai ki Pike Place, tsohuwar kasuwar da ke kallon teku. An buɗe ta a watan Agustan 1907, bayan da farashin albasa ya yi tashin gwauron zabo a hannun dillalai, jama'a suka yi ta ƙorafi, hukumar gari ta ware wurin da manomi zai kawo kayansa ya sayar wa mai saye ido da ido. Da na ji labarin nan sai da na yi dariya, na tuna 'yan uwanmu na layin albasa a Mile 12. Har yau kasuwar na ci. Za ki ga masu kifi suna jefa wa juna manyan kifaye sama da kawunan mutane suna ihu, ki ga tuffa iri-iri an jera kamar zane, domin babu jihar da ta kai Washington noman tuffa a duk Amurka.

A tsakiyar garin nan, a farkon shekarun 1900, akwai wani gidan abinci na iyali mai suna Manca's Cafe, na wani mutum Victor Manca. Gidan ya rufe tun shekarun 1950, amma abincin da ya yi suna da shi yana nan: fanken da ake gasawa a obin, wanda suka raɗa wa suna Dutch baby, wato jaririn Holan in an fassara. Abin mamaki, babu ruwansa da ƙasar Holan. Asalinsa fanken Jamusawa ne. Jamusawa na kiran kansu Deutsch, bakin Amurkawa kuma ya saba mayar da kalmar Dutch, har akwai jikokin Jamusawa a jihar Pennsylvania da ake kira da wannan suna. Labarin da ake bayarwa shi ne ɗaya daga 'ya'yan mai gidan abincin ce ta kasa furta kalmar daidai, sunan ya bi shi. Daga baya wani gidan abinci da aka buɗe a Portland a 1953, Original Pancake House, tafiyar awa 3 a mota kudu da Seattle, ya ƙara yaɗa shi a faɗin ƙasar.

Su mutanen Holan na gaskiya a kan murhu suke soya nasu, faffaɗa siriri. Suna kuma da wasu ƙanana da ake kira poffertjes, waɗanda ake yi a kasko mai ramuka, in kin gan shi za ki rantse tandar waina ce aka ɗauko daga Bauci. Mu ma ai fankenmu daga bakin Bature muka ari sunan, muka zuba masa yis, muka tsoma shi a mai, ya zama wani abu daban. Kowa ya ari abu sai ya gyara shi daidai bakinsa.

To ni ba a gidan abinci na fara cin sa ba. A gidan 'yata ne, kuma surukina ne ya yi shi da hannunsa, abin da ya fara ɗaure mini kai ke nan. Kin san mu da kunyar suruki, balle mijin 'yar fari. Tun da na sauka a ɗaki nake cin abincina, in ya shigo gaisuwa na ja mayafi, mu gaisa a taƙaice. Asabar ta farko ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Umma, a yi haƙuri a fito falo, wannan abincin ba a kai shi ɗaki." Na ce a dai miƙo mini. Aka miƙo bayan kamar minti 10, na buɗe na ga wani abu a kwance shame-shame kamar hular da ruwa ya daka. Na ci don kada a ji ba daɗi, a raina ina cewa ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan.

Asabar ta biyu maigidana ƙarami, jikana ɗan shekara 4, ya kama hannuna ya ja ni har gaban obin, ya ce, "Hajiya, zauna ki ga." Muka durƙusa muna leƙe ta gilashi. Minti 5 na farko babu abin da ya faru, ruwan ƙullu ne kwance a kasko. Can sai gefensa ya fara hawa, ya bi bangon kaskon, ya wuce bakinsa, ya yi ta tashi yana lanƙwasa yana yin ja, kamar ana naɗa rawani. Yaron na tsalle yana tafi. Da aka fito da shi yana huci aka ɗora a tsakiyar tebur, ban san lokacin da na ja kujera ba. A gaban idonmu ya fara sacewa, kafin minti 2 ya zama kamar akushi, gefe a tsaye mai ƙaras-ƙaras, tsakiya da laushi kamar wainar ƙwai. Ranar na ci abinci a tebur ɗaya da surukina, ina can ƙarshe, mayafi har goshi. Ɗanɗanon kuwa ko kusa bai yi kama da na makon jiya ba, alhali hannu ɗaya ne, kasko ɗaya.

Ba ina ce miki a yar da kunya ba ne, ado ce, kuma har na baro garin ban saki jiki da shi yadda 'yan zamani ke yi ba. Amma abin ya sa ni tunanin gidajenmu na nan Kudu. Maigida ya fita tun Asuba don ya riga cunkoso, yara su ci burodi a motar makaranta, ke kuma ki sha shayinki a tsaye kina haɗa kwanukan abincin rana. Da dare kowa da kularsa, kowa da wayarsa. Abincinmu duk masu haƙuri ne, tuwo zai jira a kula har goman dare, shi ya sa babu abin da ke tilasta mana zama tare. Likitocin yara kuwa sun daɗe suna cewa yaron da ke cin abinci tare da manya ya fi saurin karɓar sabon abinci, kuma a nan ne uwa ke lura da wanda cinsa ya ragu, da wanda ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba. Shi wannan fanken ba shi da haƙuri ko kaɗan. Wanda bai zauna ba kafin ya fito, hular da ruwa ya daka zai samu.

Yanzu mu koma kicin ɗinki. Kayan duk kina da su: ƙwai 3, fulawa rabin kofi, madara rabin kofi, wato mililita 120, sukari cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, sai bota cokali 3. In babu kofin awo, ki ɗauki ƙaramin gwangwanin madara, kashi 3 cikin 4 nasa ya yi kusa da haka, abin lura dai ma'auni ɗaya za ki yi wa fulawa da madarar. In madarar gari ce, ki dama cokali 2 a rabin kofin ruwa. In ta gwangwani ce, rabi madara rabi ruwa. Don ƙamshi ki goga gyaɗar ƙamshi ko ki barbaɗa kirfa. Amurkawa kan ɗiga ruwan banila, amma ki sani na asali da ake sayarwa a can da barasa ake jiƙa shi, dokarsu ma ta ce kada ta gaza kashi 35 cikin 100, don haka ki duba kwalba ko ki bar shi gaba ɗaya. Babu yis, babu bakar hoda, kada ki saka ko da hannunki na ƙaiƙayi.

Abin da ke tashin sa tururi ne. Ƙullun ruwa-ruwa ne, idan ya faɗa kasko mai tsananin zafi ruwan cikinsa ya zama tururi nan take, ƙwai da fulawar su miƙe su riƙe shi kamar balan-balan, zafi kuma ya busar da gefen ya tsaya. In kin gane wannan kin gane duk sauran dokokin. Ƙwai da madara kada su kasance masu sanyi. A Amurka sai an fito da ƙwai daga firji tun da wuri, mu kuwa namu a kan kanta yake zaune, mun huta. Ki kaɗa ƙwan sosai da maburgi ko a bilenda, ki zuba madara, sannan fulawa da sukari da gishiri, har sai babu gudaji. Kaurinsa kada ya wuce na kunu mai ruwa. Ki rufe ki ajiye shi minti 20 ya huta, fulawar ta sha ruwa.

Cikin wannan lokaci ki kwashe murafen nan, ki goge obin, ki kunna. A nan ki yi hattara, musamman in ya daɗe ba a taɓa shi ba: ki buɗe ƙofarsa da tagar kicin, ki kyasta ashana tukuna kafin ki murɗa gas. In bai kama ba ki kashe, ki bari warin ya fita sarai kafin ki sake gwadawa. Zafin da ake so digiri 220 ne a ma'aunin Salsiyos, lamba 7 a obin ɗin gas, in kuwa lambobin naki sun goge ki kai shi kusa da ƙarshe. Ki saka kaskon a ciki babu komai, su yi zafi tare na minti 15. Mai obin ɗin lantarki ta tabbata wutar za ta zauna, don in aka ɗauke a tsakiyar gashi aikin ya tashi a banza.

Kasko shi ne rabin aikin. A Seattle na baƙin ƙarfe mai kauri suke amfani da shi, faɗin santimita 25, irin wanda ake gada daga kaka. Ana samun sa a manyan kantuna da wajen masu kayan gwanjo. In babu, gwangwanin gasa kek mai kauri zai yi. Duk kaskon da ke da mariƙin roba ko katako kada ya shiga obin. Irin na maƙera da ake zubawa daga narkakkun tarkacen alminiyom kuwa ban ba ki shawara ba. A gundumar da Seattle take, ma'aikatan lafiya sun bi diddigin gubar dalma a jinin yaran 'yan gudun hijirar Afganistan, suka gano tana fita daga irin tukwanen alminiyom da iyayen suka zo da su, har jihar ta kafa dokar taƙaita dalma a kayan girki a 2024. Mu da muka ga abin da gubar nan ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani.

Kasko ya yi zafi, ki fito da shi da tsumma mai kauri busasshe, ki jefa bota, ki jujjuya ta shafi ƙasa da gefe. Soyayyen man shanu ma ya yi, ya fi bota jure wuta, ƙamshinsa kuma ya fi kusa da hancinmu. Da ta narke tana kumfa ki juye ƙullun gaba ɗaya a tsakiya, ki mayar obin, ki rufe. Duk wannan kada ya kai minti 1. Daga nan minti 15 zuwa 20 ne, kuma kada ki buɗe ƙofar kafin 15 ɗin su cika. Gwajina na farko a Agege nan na faɗi: gilashin obin ɗina ya dushe, zumuɗi ya sa na buɗe a minti na 8 don in leƙa, iska ta shiga, abin ya kwanta bai sake tashi ba. Yara suka cinye suna tsokanata wai na yi wainar ƙwai mai tsada.

A gwaji na biyu ya tashi, ni kuma na ƙone. Na ajiye kaskon a tebur, na juya ɗauko wuƙa, na dawo na cafki mariƙin da hannu tsirara, na manta daga wutar digiri 220 ya fito. Don haka da kin ajiye shi ki naɗe mariƙin da tsumma ki bar shi a kai, ki juya shi nesa da yara. In tsautsayi ya faɗa, a tara wurin a ruwan famfo mai sanyi na minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko manja, duk suna ƙara ɓarna ne. Kada a fasa ƙurjin da ya taso. In ƙunar ta fi tafin hannu faɗi, ko a fuska take, ko a jikin ƙaramin yaro, asibiti za a nufa.

Minti 15 na gashin nan su ne na haɗa tebur da kiran mutane. Shayi ya riga ya dahu, faranti na gaban kowa, an yanka lemon tsami. A Seattle abin da ake yi shi ne a matsa lemon tsami a kai, a barbaɗa garin sukari, shi ke nan, kuma tsamin ne ke kashe nauyin man. Wasu kan soya yankakkiyar tuffa da kirfa a cikin botar kafin su juye ƙullun, irin na Jamusawa. Tuffa a nan tsada gare ta, ayaba ko mangwaro ko abarba a kai bayan ya fito sun wadatar. Zuma ma ta yi, amma ban da jaririn da bai cika shekara 1 ba. Ki yanka kamar yadda ake yanka kankana, kasko ɗaya ya ishi mutum 3, ko 4 in akwai 'ya'yan itace da yawa. In kun fi haka ki ninka ƙullun, ki saka kasko 2 a lokaci guda.

Ta fuskar lafiya ba zan yaudare ki ba, farar fulawa ce da bota, abincin Asabar ne ba na kullum ba. Amma in kin gwada shi da fankenmu da ke iyo a mai, ko burodi da lemon kwalba da yara ke karyawa da su, ya fi su: kowane ƙwai na ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, sukarin duk kaskon kuma cokali 1 ne. Mai ciwon sukari a gidan, a cire sukarin gaba ɗaya, zai tashi yadda ya saba, a ba shi yanki ƙarami a cika ramin tsakiyar da soyayyen alayyafo da tumatir da albasa, ko dambun kifi. Maigidana babba haka ya fi so ma, har da yaji. Shi da aka saba kai wa tire falonsa, yanzu ranar Asabar da ya ji ƙamshin man shanu za ki gan shi ya zo ya tsaya a ƙofar kicin, hannu a baya, wai yana duba ko an rufe gas da kyau.

Idan an gama, kaskon baƙin ƙarfe ba a jiƙa shi a bar shi. Ki wanke da ruwan ɗumi, ki ɗora a wuta ya bushe ƙayau, ki shafe shi da ɗigon man gyaɗa, in ba haka ba damshin Legas zai sa masa tsatsa kafin wata Asabar. Ki mayar da shi cikin obin ɗin, nan ne mazauninsa. Murafen tukwanen kuma sai ki nema musu wani wuri.